Malam Maharazu, Mai Kwance Cunkoso Daga Wutsiya

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana, da zarar an sallame azahar a ɗan masallacin da ke jikin katangar gidan marigayi Alhaji Sanusi a Nassarawa GRA, Malam Maharazu zai zura takalminsa, ya ciro malfarsa daga ƙusar da yake rataye ta, ya kama hanyar kwanar makarantar da ke unguwar. Da can tafiyar minti huɗu ce. Yanzu gwiwa ta mayar da ita ta minti goma, har da tsayawa sau ɗaya a gindin darbejiya. Ba shi da usur, ba shi da kaki, kuma ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki. Direban gida ne, shekararsa ashirin da bakwai yana jan motar gidan nan. Da sassafe yakan wanke ta, ya duba mai da ruwa da iskar taya, ya zauna jiran ko Hajiya Fatsuma, matar marigayin, za ta fita asibiti ko barka ko gaisuwa. Amma kowa a gidan ya san daga ɗaya da rabi zuwa uku Malam ba na Hajiya ba ne. Ita kanta ta daɗe da daina saka fita a wannan lokaci.

Ƙarshen watan nan zai ajiye makulli. Yanar ido ta fara rufe masa na dama, na hagun ma ya soma hazo, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Zai koma ƙauyensu a ƙasar Gumel. Da na je masa da maganar zan yi rubutu a kansa, sai ya yi dariya.

"Malam Aƙilu, me za ka rubuta? Ka ce ka ga tsoho yana tsayuwa a rana?"

Sau uku ina komawa. A na ukun ya tambaye ni ko rubutun nawa ana karanta shi har Kaduna. Na ce ana karanta shi har inda ni ma ban sani ba.

"To, ka rubuta. Amma da sharaɗi. Ka saka mini cigiya a ƙarshe. Akwai mutumin da nake nema shekara goma sha ɗaya, kuma kwana ashirin suka rage mini a kan titin nan."

Na karɓi sharaɗin. Cigiyar tana ƙasa. Amma sai na fara gaya muku wane ne mai cigiyar, don ku san nauyinta.

Kwanar da nake magana a kai ba ta da danja, ba ta da shinge a tsakiya. Titi ne mai hannu biyu, ɗaya na masu zuwa, ɗaya na masu dawowa, ga wata makarantar kuɗi a gefe da ake tashi ƙarfe biyu. Motocin ɗaukar yara sukan jeru a hannunsu suna jiran shiga ƙofa. Layin yakan yi tsawo, amma yana tafiya. Da kowa zai yi haƙurin minti bakwai, da ba abin da zan rubuta. To, sai mai wayo na farko ya leƙo, ya ga ɗaya hannun fayau, ya murɗa sitiyari ya faɗa. Na bayansa ya ce ai ba wanda ya fi shi sauri, ya bi. Masu adaidaita sahu su cike abin da ya rage, har bakin kwata. Can su yi kiciɓis da masu tahowa, waɗanda su ma masu wayonsu sun riga sun cike hannun wancan ɓangaren. Hanci ya haɗu da hanci. Daga nan sai hon, sai zagi, sai wani ya kashe mota ya harɗe hannu, wai a ga wanda zai fara gajiya.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan rabin sa'a da ta wuce suna masallaci. Liman ya ce a daidaita sahu, kowa ya duba ƙafarsa, ya matsa ba gardama, mai kuɗi kafaɗa da kafaɗa da mai gadinsa. Da an kama sitiyari sai a manta. Ba zan ce "su" ba, don laifi tudu ne. Ni ma ina ciki, kuma a ciki Malam Maharazu ya same ni.

Shekara biyu ke nan. Na taso daga ofis zan koma gida Giginyu, kaina yana ciwo, na ga layi, na ga fili a hagu, na shige. Ban yi nisa ba komai ya tsaya cak. Na duba madubi na ga ni ne na ƙarshe a layin masu laifi, sai na ji daɗi, na ce aƙalla ba ni na fara ba. Ina nan ina jan tsaki, sai na hango wani tsoho da malfa yana ratsowa tsakanin motoci. Ya wuce inda ake faɗan, inda wasu mutum biyu suka fito suna nuna wa juna yatsa, ko kallonsu bai yi ba. Ya wuce mota takwas. Ya zo ya tsaya a gefena, ya sunkuyo, ya yi sallama.

Na sauke gilas da shirina, na tanadi amsa mai zafi. Sai ya ce, "Barka da rana, Alhaji. Ya aiki? Ya iyali? An tashi lafiya?"

To, ya za ka yi? Dattijo ya yi maka sallama, ya tambayi iyalinka. Na amsa. Ya tambayi yara, na ce suna lafiya. Kafin mu gama gaisawa, amsar da na tanada ta huce. Duk wannan lokaci yana kallon fuskata, kallo na sosai, kamar mai son tuna inda ya san ni.

"Alfarma na zo nema," in ji shi. "Duk mutanen nan da kake gani, kai kaɗai Allah ya ba wa ikon fitar da su. Bayanka fili ne. Taku biyar za ka ja, ni zan tsaya maka."

Ya koma bayan motata ya tsaya da jikinsa, ya ɗaga malfa ya tare mai adaidaitar da ke shirin cike gurbin. Na saka ribas. Ya nema mini wuri a layin gaskiya, ya roƙi wata baiwar Allah ta ɗan dakata na shiga. Sannan ya tafi wajen wanda ke gabana, wanda yanzu shi ne na ƙarshe, ya sake sallama. Ɗaya bayan ɗaya, kamar mai warware zaren da ya harɗe. Kafin ya isa wajen masu faɗan, sun waiga sun ga ba kowa a bayansu, faɗan ya rasa abin ci. Na isa gida ina jin kamar na yi wani abin kirki. Sai da na zauna cin abinci na tuna ai ni ne mai laifin, kuma tsohon nan bai faɗa mini ba ko da da ido.

Tun daga ranar na kamu da son sanin mutumin nan. Na fara ajiye mota nesa, ina zuwa rumfar Ladi mai abinci da ke fuskantar kwanar, in sayi shinkafa da wake in zauna kallo. Ladi ta fi shekara goma sha biyar a wurin, ba abin da ya wuce ta.

"Kafin Baba ya fara, Malam Aƙilu, nan wurin sai ka rantse filin dambe ne," in ji ta. "Na ga an fasa gilas, na ga an cire wa mutum hula. Jami'ai suna zuwa, suna iya ƙoƙarinsu, amma kowa tsakiya yake nufa. Tsakiya kuwa ina mutum zai matsa? Gabansa mota, bayansa mota. Shi Baba wutsiya yake tafiya."

Ta ba ni labarin wani babban mutum mai baƙar jif da baƙin gilas, wanda ya ƙi saukewa. Malam ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya tsaya a rana, hannu a ƙirji, ya ci gaba da sallama a hankali, ba ɗaga murya, har mutanen da ke kusa suka fara amsa masa a madadin mai motar. A ta shida gilas ya sauka. Ladi ta ce Alhajin ya ja baya har ya zarce inda aka ce ya tsaya, don kunya. Washegari ya aiko direbansa da kuɗi a ambulan, Malam ya mayar, ya ce a gaya wa Alhaji gaisuwar da ya amsa ta wadatar.

Na tambayi Malam daga baya me ya sa ba ya taɓa cewa mutum ya yi laifi. Ya ce, "Wanda ya shiga hannun da ba nasa ba ya fi ka sanin ya yi laifi. Abin da yake tsoro shi ne a ga ya ja baya. In ka ce masa mai laifi, ka rufe masa ƙofa. In ka roƙe shi, ka ba shi hanyar da zai fita da hularsa a kai. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

Wannan na gane shi. Abu biyu ne suka ƙi shiga kaina.

Na farko, kallon fuska. Ko mota ta riga ta fara ja da baya da kanta, sai ya sunkuya ya leƙa. Ko a layin masu gaskiya, yana wucewa yana duba direbobi ɗaya ɗaya, musamman maza masu furfura. In ya ga lambar Kaduna, har saurinsa canzawa yake yi.

Na biyu, Zubairu ne ya nuna mini shi. Zubairu mai adaidaita ne, ɗan Tudun Murtala, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda da bakinsa ya ce shi ne shugaban masu kutse a kwanar kafin Baba ya gaishe shi sau talatin ya gaji da jin kunya.

"Baba yana da lago ɗaya, Yallaɓai," in ji Zubairu. "Ka ce masa jana'iza za ka. Shi ke nan. Zai tsayar da kowa, ya buɗe maka hanya ko ta ina, har da gudu-gudu da wannan gwiwar tasa. Kuma mutane sun gano. Akwai wani mai jar mota, wallahi sau uku a wata ɗaya ana yi masa rasuwa. Na ce, Baba, mutumin nan fa danginsa sun kusa ƙarewa. Sai ya ce in bar shi."

Mutumin da ya san halin direbobi kamar tafin hannunsa, a ce ƙaryar da yaro ma zai gane ita ce take wuce shi? Ruwa ba ya tsami banza. Na tambayi Hajiya Fatsuma, ta ce ita dai ta san wata rana ya dawo gida ya kasa cin abinci, bayan wasu makonni ya roƙi marigayi a ba shi sa'a ɗaya da rabi kullum. Alhaji ya tambaye shi dalili, suka shiga falo su biyu, da suka fito Alhaji ya ce a bar shi. "Ban sake tambaya ba," in ji ta. "Amma ka tambaye shi. Yanzu da zai tafi, ina jin yana son a tambaye shi."

Ranar da ya ba ni sharaɗin cigiya, a kan bencin ƙofar gida, bayan la'asar, ya ba ni labarin. Zan faɗe shi yadda ya faɗa.

"Ka ganni nan, da ba haka nake ba. Maharazu Kutse ake ce mini a cikin direbobin unguwar nan, kuma ina jin daɗin sunan. Inda akuya za ta wuce, zan wuce da mota. Ranar wata Talata ce, shekarar da ta biyo bayan hana acaɓa. Alhaji ya aike ni in karɓo hulunansa wajen mai wankin hula. Ba sauri ake ba, sai Juma'a zai saka. Na zo kwanar nan na ga layi, na faɗa hagu. Ni ne na farko. Ban yi nisa ba na haɗu da wata shuɗiyar Golf, lambar Kaduna, tana hannunta. Muka tsaya hanci da hanci.

"Mutumin ya yi mini fitila, na yi masa. Ya fito. Dogo ne, baƙi, yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu ba ta taka ƙasa sosai. Ya zo ya ce, 'Malam, don girman Allah ka ɗan ja baya. Jana'iza zan je, ni ake jira.' A lokacin mota ɗaya ce tak a bayana. Da na yi magana da mai ita, da minti ɗaya ya isa."

Ya juya malfar a hannunsa.

"Ka san me na ce masa? Na ce, 'Kowa ma haka yake cewa.' Na ɗaga gilas, na kashe mota."

Ya ce kafin minti biyar mota goma ta taru a bayansa, ta mutumin ma an toshe ta ta ko'ina. Tun yana jin kansa gwani har ya fara duba madubi yana neman hanyar da babu. Mutumin ya koma jikin motarsa yana waya. Malam yana jin sa ta gilas yana cewa su ƙara masa minti goma, yana Nassarawa, ya kusa Tudun Murtala, tun safe ya taso. Ya leƙa ko zai sami abin hawa, adaidaita duk suna cikin cunkoson, ƙafa kuma ba ta gudu ba ce. Aka yi minti arba'in a haka.

"Sai wayarsa ta sake ƙara. Ya saurara. Na ga bakinsa yana Inna lillahi. Ya saka wayar a aljihu, ya tako ya zo. Na ce yau zan sha mari, kuma na cancanta. Na sauke gilas. Ya dube ni ya ce, 'An sallace ta, an tafi da ita. Mahaifiyata ce.' Ya koma motarsa ya zauna, ya kifa kai a sitiyari. Bai zage ni ba, Malam Aƙilu. Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa."

Na ce ai da ya fita ya ba shi haƙuri a take.

"Da na sani ƙeya ce. Kunya ta danne ni a kujera. Da hanya ta buɗe, ya wuce ta gefena, ban iya ɗaga kai ba. Sati uku ina cewa gobe zan je. Da na je Tudun Murtala, an daɗe da naɗe tabarmin gaisuwa. Ban san sunanta ba, ban san nasa ba. Na bi limamai biyar. Na ƙarshe ya ce ya tuna wata tsohuwa da aka jinkirta sallarta ana jiran ɗanta daga Kaduna har rana ta yi, aka gaji aka yi. Ya nuna mini gidan. Gidan haya ne, sun tashi bayan sadakar bakwai, maƙwabta suka ce 'yan wajen Zariya ne ko Kaduna, ba wanda ya riƙe lamba. Na ba da cigiya a rediyo sau biyu. Shiru."

Malamai sun gaya masa ya yi istigfari, ya yi wa mamaciyar addu'a da sadaka, Allah mai gafara ne. Yana yi, bai fasa ba. Amma ya ce haƙƙin mutum a bakin mutum yake. Sai ya yi tunanin wanda ya bi hanya sau ɗaya zai iya sake bin ta, ko don ziyarar kabari. Ya fara zuwa kwanar ƙarfe biyu yana duba fuskoki. To, mutum ba zai tsaya yana kallon cunkoso hannu rabbana ba, alhali ya san ta inda yake farawa. Ya san na ƙarshe ne kaɗai ke da wurin motsi, don ya taɓa zama na farko ya ga yadda ƙofa take rufuwa a baya.

Na kawo masa maganar mai jar mota da danginsa suka kusa ƙarewa. Ya yi murmushi.

"Na san shi. Na san ƙarya yake. Amma ni na taɓa zama alƙali sau ɗaya a kan wannan magana, na yanke hukunci, ka ga abin da ya fito. Gara maƙaryaci ɗari su wuce ta hannuna da mai gaskiya ɗaya ya makara. Shi da Allah."

Sai na tambaye shi abin da ya fi damunsa game da tafiya. Na ɗauka zai ce mota, ko gidan da ya yi shekara ashirin da bakwai. Ya ce ido.

"Tun bara fuskoki suka fara haɗe mini. Wataƙila ma ya wuce, na gaishe shi, na tambayi iyalinsa, ban gane shi ba. Wannan ne yake hana ni sukuni."



Makon jiya na ce bari in gwada aikin, tun da na yi shekara biyu ina kallo daga rumfar Ladi kamar mai digiri a kai. Malam ya ba ni aron malfa. Na tafi wutsiya daidai yadda ake yi, na sami wani matashin ma'aikacin banki, na sunkuya, sai na ji bakina yana cewa, "Haba Malam, kai ba ka ga hannunka ba ne?" Gilas ya tashi sama a hankali. Na tsaya a rana kamar turken awaki. Ladi tana dariya har da riƙe ciki. Malam ya tako da gwiwarsa, ya yi sallama, ya tambayi saurayin ya aiki, ya mahaifa, cikin minti ɗaya mota ta ja baya. Da muka koma inuwa ya ce, "Ka tsallake gaisuwa, Malam Aƙilu. Gaisuwar ita ce aikin. Sauran duk tafiya ce." Zubairu ya fi ni hannu, shi zai riƙe Litinin zuwa Laraba in Allah ya yarda. Ni an ba ni Alhamis, bisa gwaji.

Malam Maharazu, na san ba ka son wannan ɓangaren, amma sharaɗinka ɗaya ne kuma na cika shi, saura nawa. Kai ne ka tsaya a ranar Kano shekara goma sha ɗaya, da azumi da damina, ba albashi ba lambar yabo. Kai ne ka gaishe da mutanen da suka cancanci tsawa har suka ji kunyar kansu. Kai ne ka ɗauki laifin minti ɗaya ka ƙi yi masa kwaskwarima, ka ƙi ɗora shi a kan Alhaji ko layi ko ƙaddara, alhali mu da muke yin irinsa kullum ko tunawa ba ma yi kafin mu isa gida. Ba ka san adadin waɗanda suka sami sallar gawa saboda kai ba, ko waɗanda suka isa asibiti, ko waɗanda suka koma gida ba su zagi uban kowa ba. Ba su san sunanka ba, kamar yadda ba ka san nasa ba. Dattijo mai malfa, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido da ta gwiwa, ya sa ka huta cikin jikokinka, ya haɗa ka da wanda kake nema.

Mu kuma da muka rage a kan titi, ba na roƙon kowa ya sayi malfa. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In ka ga layi ka ga fili a hagu, ka tuna filin nan hanyar wani ce, kuma ba ka san abin da ke jiransa ba. In kuwa ka riga ka shiga, ka duba madubi ka ga bayanka fili, ka ja baya tun ƙofa ba ta rufe ba. Ba wanda hularsa ta taɓa faɗuwa don ya saka ribas.

Ga cigiyar.

Ana cigiyar wani bawan Allah, dogo, baƙi, mai dogara sanda saboda ƙafar hagu, wanda shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata ranar Talata, ya taso daga wajen Kaduna a shuɗiyar Golf don jana'izar mahaifiyarsa a Tudun Murtala, cunkoso ya tsare shi a kwanar makaranta cikin Nassarawa GRA har aka sallace ta bai iso ba. In kai ne, ko ka san shi, ko ka taɓa jin wani yana ba da wannan labari, Malam Maharazu yana kwanar daga ɗaya da rabi zuwa uku har ƙarshen wata. Bayan nan a tambayi Ladi mai abinci, tana da lambarsa da kwatancen ƙauyensu. Ya ce ba sai ka zo ba, shi zai zo duk inda kake. Ya ce ko ba za ka yafe ba, yana so ka ji daga bakinsa.

Na karanta masa cigiyar don ya gyara. Ya saurara ido rufe, ya ce ta yi. Har na miƙe zan tafi, ya kira ni.

"Ƙara layi ɗaya. Ka ce masa na yarda. Ka ce masa tun ranar na yarda jana'iza za shi."